Wa Ake Ɗora wa Tsiya? Daga Beshaba Zuwa Ɗan Galadima

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ɗaya kuma ya riƙa jan zaren labarin. Ƙwaya mai fuska 20, irin ta ludo, ita ke raba gardama. In ta tsaya a kan 20 sara ya shiga, in ta tsaya a kan 1 ko takobin wa jarumi ya riƙe ya kuskure. Tunda sa'a ce ƙashin bayan wasan, dole aka nema wa rashinta fuska. A duniyar Forgotten Realms da Ed Greenwood ya ƙago, wadda ta shiga kasuwa a 1987, akwai abar bauta mai suna Beshaba, uwar tsiya da tsautsayi, 'yar'uwar Tymora mai rabon sa'a. Mutanen cikin labarin suna ambatonta a wurin biki, ba don ƙauna ba, sai don gudun kada ta ji an ware ta.

Dabarar ta yi kyau, amma Beshaba ba ta da nauyi. Ƙeta kaɗai ta iya, kuma ba ta fito daga tarihin kowa ba. Matashin da ke zangon Salaga ko Yendi ko Bawku a Ghana, wanda ke son gina irin wannan duniya a takarda ko a waya, yana da gwanayen da suka fi Greenwood a kusa da gida.

Tun ƙarni na 18 ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, su ya da zango a Yendi, su sauke kaya a Salaga. Ba haja kaɗai Bahaushe ke tafiya da ita ba. Yana tafiya da harshensa da malamansa da tatsuniyoyinsa, da kuma bori, wanda A. J. N. Tremearne ya tarar da shi har a Tunis da Tarabulus, ya rubuta littafi a kansa a 1914. Malamai sun daɗe da yanke wa bori hukuncin shirka, kuma ba kare shi ake yi a nan ba. Abin dubawa shi ne gwanintar da aka zuba wajen gina halittun cikinsa.

Dubi Ɗan Galadima. Ɗan sarauta ne a Jangare, birnin iskoki mai gidaje 12 kamar yadda Fremont Besmer ya tsara su a littafinsa na 1983. Kyakkyawa ne, ɗan gayu, mai babbar riga da turare, mai kyautar da ba ta da linzami, kuma ɗan caca. Wanda ya taɓa ba ciwo yake kwantar da shi ba, dukiyarsa ce ke tsiyayewa, yana rabo yana murmushi har a wayi gari ba ko sisi. Ga sarkin asara wanda idan ya shigo fage makaɗan garaya murna suke yi, don sun san yau akwai samu. Nan gwanintar take: an sa wa tsiya fuskar da ake so. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan gidan arziki ya cinye gadon ubansa wajen abokai da mawaƙa zai gane shi nan take.

Haka sauran suke. Kowane iska yana da dangi, da launin tufa, da take, da dabbar da yake karɓa, da cutar da yake sa wa, kuma wurinsa ake neman sauƙinta. Inna, wadda har yau cutar shan inna ke ɗauke da sunanta, ita ma tana da hanyar lallashi. Ba a gina ko ɗaya ba tare da an bar ƙofar sulhu ba.

Ƙirƙirar sabo ma an yi ta a idon tarihi. Wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, wasu sababbin iskoki suka ɓulla, aka kira su Hauka. Wani jami'in Faransa mai suna Croccichia ya kulle mabiyansu a Yamai, ya gana musu azaba. Ba a jima ba sai ga shi ya zama ɗaya daga cikin iskokin, da sunan Kumandan Mugu. 'Yan ci-rani suka gangaro da Hauka zuwa Gol Kos, wato Ghana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akara, ya fito a 1955. A ciki ana ganin Gwamna, da kofur mai gadi, da matar likita, da direban jirgin ƙasa, duk sun hau kan leburori. Mutanen da mulkin mallaka ya danne sun ɗauki masifar zamaninsu, sun ba ta suna da hula da irin tafiyarta. Salaga da ta ga kasuwar bayi da yaƙin basasar 1892, da Yendi da Jamusawa suka auka wa bayan yaƙin Adibo a 1896, ba su rasa irin wannan kayan aiki ba.

Mutanen Talensi na Tongo, waɗanda ke yanki ɗaya da Bawku, sun bi wata hanya daban. Meyer Fortes ya nuna a littafinsa na 1959 cewa a wurinsu mutum kan furta rabonsa tun kafin a haife shi, wani ya ƙi haihuwa, wani ya ƙi dukiya, bai kuma san ya yi ba. Laifin nasa ne amma ba nasa ba ne, don haka dangi ke taruwa a yi al'adar kore mugun furucin.

Duk wannan ba zancen nishaɗi kaɗai ba ne, domin idan ba a ɗora wa wata halitta tsiya ba, kan mutum take sauka. A ƙasar Hausa amarya ce ake ce wa mai farar ƙafa idan kasuwar miji ta karye. A Gnani, kusa da Yendi, akwai matsugunin waɗanda aka koro daga garuruwansu da zargin maita, inda mai kula da wurin tsafi ke yanka kaza a duba yadda ta faɗi. A watan Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, dukan da ya kashe ta, bayan wata bokanya ta nuna ta da yatsa, jama'a na tsaye suna kallo. Kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce a 2023. A shekarar ne majalisar dokokin Ghana ta amince da ƙudurin haramta zargin maita, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba.

Hanya a buɗe take. Kamfanin Leti Arts yana yin wasannin jaruman Afirka a Akara tun 2009, Allan Cudicio kuma, wanda ke da jinin Ghana, ya gina duniyar The Wagadu Chronicles a kan al'adun nahiyar nan. Matasan zango da za su bi sahu su ba dodon tsiyarsu gida da dangi da dalili, su bar wa 'yan wasa ƙofar sulhu da shi. Abu ɗaya ne roƙon da za a yi musu: kada su zana shi da kamannin tsohuwa mai sanda, domin a Gnani irin waɗannan tsofaffin suna nan da ransu, kuma yaran da za su buga wasan jikokinsu ne.