Abin da Ya Sa A Ke Gaskata Gandoki

Kowa ya san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ƙarya ce, ko yaro ba ya tambayar garin da aka yi ta. Amma in an karanta wa jama'a littafin Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito cikin 1934, sai ka ji wani dattijo ya ce, ashe haka aka yi? Alhali kuwa cike ya ke da aljannu, da mutum guda mai karya runduna. To, me ya kawo wannan bambanci?

A ganina addini ne. Marubucin bai fara da abin mamaki ba. Da fari ya bi da mu ta kan abin da kakanninmu suka gani da idonsu, watau zuwan Turawa, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi cikin 1903. Sa'an nan ya ɗauke jaruminsa zuwa ƙasashen gabas, cikin aljannu. Mai karatu ba ya jin an yi tsalle, domin aljani ba baƙonsa ba ne. Tun yana makarantar allo ya haddace Suratul Jinni, ya san a cikinsu akwai masu imani akwai kafirai. Saboda haka in an ce aljani ya musulunta, ba a neme shi ya yarda da wani sabon abu ba, an taɓo abin da ke zuciyarsa ne tun tuni. Gizo kuwa babu nassin da ya ambace shi.

Amma a nan ne kuma littafin ya yi rauni. Tun da Gandoki ya zama mai jihadi, ba mu ƙara jin tsoron za a ka da shi ba, sai sara da suka kawai, har mutum ya ƙosa. Ni na fi son dabarar Alhaji Abubakar Imam cikin Ruwan Bagaja, wanda ya fito a shekara ɗaya da Gandoki. Shi ma akwai aljannu, amma Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ɗauke da sunan malanta suna cutar juna. Wa ke nan a cikinmu da bai taɓa gamuwa da irin Malam Zurƙe a bakin kasuwa ba? Da mun gane shi, sai mu bi Alhaji har inda ruwan ya ke ba gardama.