Bayan, Kana da Tukuna: Sharhi a kan Littattafan Yaƙi da Jahilci a Damargu

Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, yawancin ƙoƙarin masana a kan rubutun Hausa ya tafi ne ga baƙaƙe da rabon kalmomi. Aikin ya yi amfani. Sai dai akwai wani rauni a ƙananan littattafan karatun manya wanda daidaita rubutu ba ya warkarwa, wato yadda ake nuna cewa abu kaza ya biyo abu kaza. Inda aka fara tsara darasi da Faransanci, mai fassara duk inda ya ci karo da après ko ensuite yakan sa "bayan" ko "bayan haka", har shafi ya ƙare.

Hausa kuwa ba ta da wannan talauci. "Sannan", wadda asalinta "sa'an nan" ce, daga kalmar sa'a ta Larabci, jeri kurum take nunawa. "Daga baya" takan zo da sauyi: ya ƙi, daga baya ya yarda. Masu nauyi su ne "kana" da "tukuna", domin sharaɗi ne a cikinsu: na biyu ba ya halatta sai na farko ya kammala.

A gundumomin Tanut da Belbeji wannan bambanci ba wasan nahawu ba ne. Ƙasa ce ta gero da kiwo, wadda iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata take ratsawa, kuma Hausa ce ke haɗa Bahaushe da Ba'abzine da Bafillace a kasuwa da bakin rijiya. A ce darasi ya rubuta: "Bayan girbi dabbobi su shiga gonaki." Wane girbi? Ranar da aka yanke gero, ko ranar da aka kai dammuna rumbu? Ina wake, wanda yakan saura a gona bayan gero ya tashi? Makiyayi zai karanta yadda ya yi masa, manomi ma haka, kowa kuma da gaskiyarsa a takarda. Da an rubuta: "Sai an kwashe amfani, hukuma ta saki gonaki, tukuna dabbobi su shiga," da ba a bar ƙofar gardama ba. Haka dattijan ƙauye ke faɗarsa da baki. Abin mamaki, alƙalami ne ya rage masa ƙarfi.

Akwai kuma tarko ga wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce. "A baya" na nufin abin da ya shuɗe, "daga baya" na nufin abin da ya biyo, "ƴan baya" kuwa su ne masu tasowa. Tushe ɗaya, fuska biyu. Haka nan "bayan da suka girbe" labari ne na abin da ya auku, amma "bayan sun girbe" ta dace da ƙa'ida ko umurni. Mai fassara da ya gauraya su ya mai da doka labari.

A ganina laifin na tsarin darasi ne. Ana zaɓen kalmomin koyarwa daga sunaye, irin su rijiya, raƙumi da hauya, don suna zanuwa a allo, a bar mahaɗai su shigo da kansu. Ya kamata masu tsara littattafai su ware wa "kana" da "tukuna" darasi nasu, su kuma nuna ɗaya amfanin "tukuna" a jimlar korewa, kamar "ba a saki gonaki ba tukuna", tun da ita ce jimlar da makiyayi ya fi bukatar ganewa a watannin kaka.