4.3 Sarrafa Harshe a Tallar Dubonnet ta Jikin Bango

A cikin tallace-tallacen fenti da suka dusashe a jikin tsofaffin gine-ginen Faransa, kaɗan ne suka kai ta Dubonnet yawa. Dubonnet wani nau'in giya ne da Joseph Dubonnet ya haɗa a birnin Faris a shekarar 1846, aka zuba masa kwinin, wato maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya sa aka daɗe ana tallata shi a matsayin abin sha mai ƙara kuzari. Hukuncin giya a addini sananne ne, ba shi ne abin nazari a nan ba. Abin da za a duba shi ne yadda aka sarrafa harshe.

Taken tallar kalmomi uku ne kacal: Dubo, Dubon, Dubonnet. Ya shahara ne tun daga 1932, lokacin da mai zane Cassandre, wanda sunansa na yanka Adolphe Mouron, ya fitar da hoto mai kashi uku. A kashin farko wani mutum yana kallon kofi, a na biyu yana kurɓa, a na uku yana ƙara zubawa. Duk lokacin da ya ci gaba sai launi ya ƙara cika jikinsa, haruffan sunan su ma su ƙara cika.

Idan aka lura, hikimar tana cikin yanke sunan ne. A kunnen Bafaranshe, Dubo ya yi daidai da furucin da ke nufin abu mai kyan gani, Dubon kuma abu mai daɗi, sannan cikakken suna ya zo ya rufe. Ke nan ido ya fara yabawa, harshe ya biyo baya, kafin a faɗi abin da za a saya. Babu aikatau ko ɗaya a ciki, babu kuma umarni. Maimaita gaɓar farko sau uku ya samar da karangiya, ƙarin sauti a kowane mataki kuwa ya ba taken kari irin na waƙa, wanda ke sa a haddace shi ba da niyya ba. Abin sha'awa, Bahaushe da ya ga Dubo zai karanta ta a matsayin umarnin a dubo wani abu, ga shi kuwa mutumin hoton kallo yake yi. Wannan dace ne kawai.

Sai dai taken yana da rauni. Duk armashinsa ya rataya ne a kan Faransanci, wanda bai ji harshen ba maimaici kurum zai gani. Haka nan a jikin bango galibi rubutu aka fi yi ba tare da mutumin Cassandre ba, don haka rabin labarin ya ɓace tun kafin rana da ruwan sama su taɓa shi.

Dusashewar ma ba a tare take faruwa ba. Fentin wancan zamani na mai ne, sau da yawa haɗe da darma, yana kama bulo sosai, amma wani launi ya fi wani jure rana. Inda aka shafe tsohuwar talla aka rubuta sabuwa, ta ƙasa kan sake ɓullowa, a ga sunaye biyu a cakuɗe. A kan Dubonnet wannan ya haifar da wani abu na musamman: taken da aka gina a kan cikar suna sannu a hankali, yanzu bango ne ke cinye haruffansa.

A nan ne batun sabunta fentin ya zama abin muhawara. Masu goyon baya suna ganin in ba a sabunta ba rubutun zai shuɗe gaba ɗaya, kuma wannan gaskiya ne. To amma sabon fenti yana rufe sawun burushin mai rubutun farko da tallar da ke ƙasa, waɗanda su ne hujjar mai nazarin tarihi. Bugu da ƙari, dokar Évin ta 1991 ta ƙuntata tallar giya da taba a Faransa, sunan Dubonnet kuwa har yanzu yana kasuwa, saboda haka bangon da aka sabunta zai iya komawa talla mai aiki. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a ɗauki hoto, a gyara inda ruwa ke yi wa bangon ɓarna, a bar haruffan yadda suke.