Faifai da Ƙwarya a Ma'aunin Fasaha: Nazari Daga Ƙasar Babura

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wata tambaya da ta daɗe tana damun malaman fasaha, watau: shin kayan da ake amfani da su yau da kullum a gidan Bahaushe, kamar su faifai da ƙwarya da tulu, sun cancanci a kira su aikin fasaha, ko kuwa ba su wuce kayan sana'a ba? Mun ɗauko misalanmu daga ƙasar Babura da maƙwabtanta, watau Kazaure da Roni da Gwiwa, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa.

2.0 Ma'aunin da Muka Gada

Ra'ayin da ilmin boko ya zo mana da shi ya kasa aikin hannu gida biyu. Abin da aka yi don kallo kurum, kamar zanen da ake ratayewa a bango, shi ne fasaha. Wanda aka yi don amfani kuwa, sai a ce sana'a ce. Abin lura a nan shi ne, su kansu Turawa ba su zauna a kan wannan ra'ayi ba. A shekarar 1917 wani Bafaranshe, Marcel Duchamp, ya aika da kaskon fitsari na tangaran wurin wani baje kolin fasaha a birnin Niyok na Amurka. An ƙi nuna shi, amma ga shi yau ana karantar da labarinsa a tarihin fasahar Turai.

Mu ma a ƙasar nan muna da misali. Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, ta shiga makarantar Michael Cardew a 1954, a garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja. A can aka riƙa shafe tukwanenta da ruwan tangaran ana gasawa da wuta mai tsanani. Tukunyar da aka yi wa haka ta ƙara nauyi, kuma ba ta tsattsafo, balle ta sanyaya ruwa. Watau sai da tukunya ta bar aikinta sannan duniya ta yarda fasaha ce, alhali kuwa siffa da zanen tun daga gida Ladi ta zo da su.

3.0 Ma'aunin Bahaushe

Kuskure ne a zaci Bahaushe ba ya tantance kyau a kayan aikinsa. Duk wanda ya tsaya a kasuwar ƙauye ya ga yadda mace ke zaɓen faifai, ya ga sharhi a aikace. Za ta juya shi ta duba ƙullin tsakiya inda aka soma ɗinki, ta ɗaga shi ta ga ko haske na ratsawa, ta aza shi a ƙasa ta ga ko ya zauna daidai. Bayan haka sai ta koma kan ado: shin launukan da aka rina sun zagaya sun haɗu inda ya kamata, ko wani ya tsere wa wani? Sau da yawa ma takan gane hannun wadda ta ɗinka shi. Haka ake yi wa ƙwaryar mai nono, wadda akan sassaƙa ko a zana ta da wuƙa mai zafi. In ta fashe ba a yar da ita, sai a kai wa gyartai ya ɗinke.

Ke nan ma'aunin ya ƙunshi ingancin aiki, da daidaiton ado, da sanin hannun gwani. Bisa ga wannan, ba kowane faifai ne fasaha ba, kamar yadda ba kowace magana ce azanci ba. Amma rufe tuwo da aka yi da shi bai rage masa daraja ba.

Akwai kuma jeren ɗakin amarya. Mata sukan jera ƙore da fayafai, daga baya kuma tasoshi da kwanonin sayarwa, tun daga ƙasa har kusa da rufi, ba don a ci abinci a ciki ba, sai don 'yan ganin ɗaki su gani su yaba ko su kushe. A ganinmu, wannan ya ɗara abin da Duchamp ya yi. Shi ya ɗauke abu daga amfani don ya tsokani masana, su kuwa mata gwanintarsu tana cikin tsarin jeren, kuma jama'ar gari ne alƙalai.

4.0 Kammalawa

A 1976 an nuna kayan fasahar Hausawa a Landan, David Heathcote kuma ya rubuta littafi a kai. Gidan Makama a Kano ma yana ajiye da irin waɗannan kaya. Wannan abin yabo ne, sai dai ajiya a bayan gilashi ba ta haifar da sabon gwani. Roba da kwano sun ci kasuwar ƙwarya, masu ɗinkin faifai na ƙwarai kuma tsufa yana cim musu. Mun san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu domin ya gina masallacin Juma'a na Zariya, amma mata nawa ne masu faifai aka rubuta sunansu?

Saboda haka muna ba da shawara ga kwalejojin ilmi da su sa waɗannan kaya cikin darasin fasaha sosai, a gayyato gwanayen su koyar da hannunsu, a kuma tura ɗalibai ƙauyukansu su rubuta sunayen masu aikin, da sunayen zane-zanen, da kalmomin da ake yabo da kushe da su. Malamin da aka koya wa raina faifan uwarsa, abin da zai koya wa yara ke nan.