Wa Ya Kashe Macijiyar? Nazari Kan Jarumin Littattafan Soyayya

Tun farkon shekarun 1990, da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan soyayya sunan adabin kasuwar Kano, zargi guda ake ta nanatawa: wai jaruman littattafan nan ba 'ya'yan Hausawa ba ne, daga finafinan Indiya aka aro su aka kafa musu hula. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun mayar da martani a jaridu, daga cikin hujjojin da aka kawo har da cewa littattafan sun sa matasa da matan aure karatu. Haka ne, amma wannan bai wanke jarumin ba. Ni kuwa ina ganin duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san ƙirar jarumin nan tun kafin ya taka ƙofar silima.

Tarihin littattafan sananne ne. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya cika kasuwa a farkon shekarun 1990, ga kuma Bilkisu Funtuwa daga nan jihar Katsina. Kafin su akwai jarumai, irin Gandoki na Bello Kagara da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja. Amma waɗannan da bakinsu suke ba da labarin bajintarsu, suna yi wa kansu kirari. Jarumin soyayya ba ya haka, kuma a nan ne ya yi gadon Bayajida.

A dubi yadda aka tsara daren rijiyar Kusugu a labarinsa. Baƙo ya iso gari cikin duhu, ya sauka wurin tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiya Sarki. Bai yi alkawarin komai ba. Ya karɓi guga, ya tafi shi kaɗai, ya sare kan macijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sa kan a jaka, ya shayar da dokinsa, ya kawo wa tsohuwa sauran ruwan, ya kwanta. Babu mai kallo. Da gari ya waye sarauniya Daurama ta yi shelar rabin gari ga wanda ya yi aikin, maƙaryata suka yi ta fitowa, shi kuwa yana ɗaki. Tsohuwar ce ta tona shi. Da aka kawo shi ya fito da kan, aka miƙa masa rabin gari, ya ce shi sarauniyar yake so.

Gwanintar duk tana cikin jinkirin shaida. Mai sauraro ya san gaskiya tun daren, Daurama ba ta sani ba, kuma tazarar da ke tsakanin saninmu da nata ita ce ke riƙe mu. Macen ce mai bincike, ita ce alƙali. Shi ya sa marubuciyar da ta iya ba ta barin jaruminta ya ce "ni na biya kuɗin asibitin Baba". Sai ta bar jarumar ta yi ta zarginsa da girman kai har ƙarshen littafi na biyu, sannan wata gwaggo ko direba ya yi suɓul da baka. Ko Muhammad na In Da So Da Ƙauna, talaka ne da Sumayya 'yar masu kuɗi ta so, kuma darajarsa a idon mai karatu ta faro ne daga ja da bayan da ya yi saboda sanin matsayinsa, alhali attajiri Abdulƙadir yana ta baje dukiya. Masu cewa jarumin soyayya rago ne tunda ba ya zare takobi ba su san kawaici ba.

Inda nake da ja shi ne da jarumin da ya cika littattafan da ake sayarwa yanzu ta WhatsApp. Miskili ne, matashin attajiri ko babban soja, ba ya dariya, magana sai an ja. An ɗauki shirun Bayajida an yar da aikinsa. Shafi biyar za su tafi kan ƙamshin turarensa da sajensa da jerin motocinsa, amma har a rufe littafin ba a ga rijiyar da ya buɗe wa kowa ba. Wani ma marin jarumar yake yi, a ce so ne.

Wannan ciwo ne na rashin gyara. A da, littafi kan fito kashi-kashi, marubuci ya samu watanni tsakanin na ɗaya da na biyu, ya kai wa abokan ƙungiya irin Raina Kama su duba. Yau ana rubuta shafi da daddare, da safe masu karatu sun fara neman ci gaba. Marubuciyar da ta samu sararin komawa kan rubutunta, ta fara da goge duk inda jarumi ya yabi kansa, ko inda ita ta yabe shi a madadinsa. Ta nemi aiki guda da ya yi wanda ya ci masa wani abu, ta matsar da shi farko-farkon labarin, ta tura bayyanarsa can ƙarshe. Sannan ta tanadi Ayanarta tun da wuri, kada mai tona asiri ya faɗo daga sama a babin ƙarshe.

Akwai kuma ɓangaren da masu yabon Bayajida ba su cika ambata ba. Kafin ya iso Daura, Bayajida ya baro 'yar Sarkin Borno da ciki a Garun Gabas, ya yi gaba abinsa. Jarumin da aka gina da gaskiya yana da irin wannan bashi a bayansa, kuma yawancin marubutanmu ɓoye shi suke yi don kada a ƙi sayen littafi. Balaraba ce ta ƙi ɓoyewa. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ta zauna tare da Rabi, matar da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta don ya faranta wa amarya Delu, ta ba da labarin daga ɗakin wadda aka bari.