Tafki da Almuru: Hoton da Ba Shi da Fuska

Akwai wani nau'in hoto da kusan kowa ya taɓa gani, ko da bai san inda aka ɗauke shi ba. Yana kan kalandar da ake rabawa a farkon shekara, yana kan fuskar wayar hannu, kuma a kansa ake rubuta gaisuwar Juma'a a tura wa ƴan'uwa ta WhatsApp. Ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, rana ta yi jajir tana shirin nutsewa, ga ɗan jirgi a gefe da farin ƙyallensa yana jiran iska. Wani lokaci a ƙara da hasumiyar fitila mai yi wa jirage jagora, ko yara biyu a ƙarshen gadar katako. Waɗanda na fi duba da natsuwa su ne na manyan tafkuna biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, wato Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario, domin a can wannan hoto ya zama sana'a. Ana buga shi a littattafai, ana sayar da shi ga masu yawon buɗe ido, ana tallata gidajen bakin ruwa da shi.

Hotunan suna da kyau, ban musa ba. Tafkunan sun ƙunshi kusan kashi ɗaya bisa biyar na ruwan daɗi da ke kwance a doron ƙasa, Superior kaɗai ya haura murabba'in kilomita 82,000. Wanda ya tsaya a gaɓarsa ba ya hango ɗaya gaɓar. Kuma sai mun yi wa mutanen can adalci game da kalmar da ake fassara mana da "bazara". Bazararmu azaba ce, lokacin da rijiya ke ƙafewa dabbobi su rame. Tasu hutu ce ta wata uku bayan sanyin da yakan daskarar da bakin tafkin ya zama ƙanƙara. Wanda ya kwashe rabin shekara a ƙunshe cikin ɗaki, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki hoton ranar da ya cire takalmi ya taka yashi.

Matsalata da waɗannan hotuna ta fara ne daga yadda kyamara ke aiki. Idan ka fuskanci rana da ita, dole ta rage hasken da take sha don kada sararin sama ya ƙone ya zama fari fat. Sakamakon haka duk abin da ke tsakaninka da ranar sai ya koma baƙar inuwa, ruwan kuma ya daina nuna launinsa, ya ari na sama. Abu biyu ke nan suka ɓace a lokaci guda: launin ruwa da fuskar mutum. Mai ɗaukar hoto ya san da haka, shi ya sa yake jiran wannan lokaci. Da almuru ruwan kwata ma zinariya ne.

Mu ɗauki launin ruwan. A farkon watan Agusta na 2014, tsakiyar bazarar da ake yi wa waƙa, aka gargaɗi mutum sama da 400,000 a birnin Toledo da kewayensa da kada su sha ruwan famfo, kada ma su tafasa shi, domin tafasawar ƙara masa guba take yi. Takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki ta kogin Maumee ne ya ciyar da wata gansakuka mai dafi, har yammacin tafkin Erie ya koma kore shar kamar miyar kuka. Da tsakar rana kowa na ganin wannan kore. Da magariba, a wuri guda, hoton zai fito tas, a sa shi a kalanda ba wanda zai tanka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na tafkin Michigan. A hotunan rana na shekarun nan ruwansa shuɗi ne garau, ana hango duwatsun ƙasa, masu talla har suna kwatanta shi da tsibiran Karibiyan. Mai kallo zai ce ga tafki mai lafiya. Alhali babban dalilin wannan tsabta wasu ƙananan halittu ne masu ɓawo, dangin dodon koɗi, da suka zo daga yankin Bahar Aswad cikin ruwan da manyan jirage ke ɗauka don daidaita nauyinsu. An fara ganin su a 1988, suka hayayyafa suka rufe ƙasan tafkin, suna tace ruwan suna cinye ƴan ƙwayoyin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kansu. Ruwan ya yi haske ne saboda an kwashe abincin da ke cikinsa. Hoton ya nuna rumbu a share tsaf, bai ce babu hatsi a ciki ba.

Sai fuska. Inuwar mutum a bakin ruwa ba ta da launin fata, ba ta da aljihu, ba a san ko mai jirgin ba ne ko yaron da ke wanke masa shi. Wannan ne ke sa hoton ya yi daɗin kallo, kowa na iya cewa ni ne. To amma gaɓar waɗannan tafkuna ba ta taɓa zama ta kowa da kowa ba. Ranar 27 ga Yuli 1919, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17 mai suna Eugene Williams yana wasa da abokansa a tafkin Michigan, a Shikago, sai ruwa ya ja su suka ƙetare wani layi da ba a zana ba, wanda ya raba wurin wankan farare da na baƙaƙe. Aka jefe su da duwatsu, ya nutse ya mutu. Tarzomar da ta biyo baya ta ci rai 38. Ranar Lahadi ce ta bazara, irin ranar da ake ɗaukar waɗannan hotuna. Kafin su duka kuwa akwai ƴan asalin ƙasar, su Ojibwe, waɗanda daga harshensu sunan Michigan ya fito. Kwale-kwalensu na ɓawon itace ya shiga hotunan a matsayin ado, su kansu ba kasafai suke shiga ba.

Ko manyan jiragen dakon kaya, da hoton ke mayarwa ɗan baƙin layi a ƙarshen ruwa, ma'aikata ne a ciki. Ɗaya daga cikinsu, Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, ya nutse a Superior ranar 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29, ba a tsamo gawar ko ɗaya ba. Watan Nuwamba ba ya shiga kalandar bazara.

Na san abin da wani zai ce: don Allah a bar mutane su huta, ba kowane hoto ne labarin jarida ba. Gaskiya ne, kuma hoto guda na faɗuwar rana ba ya da laifin komai. Laifin yana zuwa ne idan an maimaita shi sau miliyan har ya zama shi kaɗai ne sunan wurin. Kuma kada a ɗauka masu hoton bala'i sun fi gaskiya. Lokacin da kogin Cuyahoga, mai zuba cikin Erie, ya kama da wuta a watan Yuni na 1969 saboda man da ke yawo a kansa, mujallar Time ta buga labarin da wani hoto mai tayar da hankali na jirgi cikin harshen wuta. Hoton na gobarar 1952 ne. Ya taimaka wajen zaburar da jama'a, a 1972 aka kafa dokar tsabtace ruwa a Amurka, amma dai hoton wata rana aka ara aka liƙa wa wata.

Wannan ya kawo ni gida, domin mu ma muna da babban tafkin ruwan daɗi, kuma shi ma an yanka masa hoto guda. Bambancin shi ne namu na mutuwa ne. Rubuta "Tafkin Chadi" a intanet ka gani: kwale-kwale kife a kan busasshen taɓo mai tsattsagewa, sai jerin hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna shuɗin ruwa yana ƙanƙancewa daga shekarun 1960 zuwa 2001. Al Gore ya saka su a fim ɗinsa na 2006, daga nan suka zagaya duniya tare da jimlar da kowa ya haddace, cewa tafkin ya ragu da kashi 90 cikin ɗari.

Raguwar ta faru. Daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin 1970 da 1980 ya tsuke shi ya raba shi gida biyu. Sai dai jerin hotunan ya fara ne daga lokacin da tafkin ya yi cikar da ba kasafai yake yi ba, ya kuma tsaya inda labarin ya fi tsoratarwa. Tafki ne marar zurfi, kusan duk ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, yana kumbura yana saɓewa gwargwadon damina. Tun farkon ƙarni na 20 Bafaranshe Jean Tilho ya lura da haka, har ya kasa yanayinsa uku: ƙarami, matsakaici da babba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Scientific Reports a 2020 ya nuna cewa cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Ruwa mai yawa yana ƙarƙashin ciyayi, inda idon tauraron ba ya ganinsa da sauƙi. Mutanen yankin da ambaliyar 2022 ta kora daga gidajensu ba sa buƙatar mujalla ta gaya musu.

Hoton tafki mai mutuwa yana da amfani ga masu shi. Da shi ake tallata aikin Transaqua, na haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga yankin kogin Kwango, wanda aka sake ɗagawa a taron Abuja na 2018. Da shi kuma ake bayyana rikicin Boko Haram a sauƙaƙe, a ce ruwa ne ya ƙafe matasa suka ɗauki bindiga, sai gwamnatoci huɗu su sami inuwar fakewa daga tambayar makarantu da hanyoyi da adalci. Daga sararin samaniya ba a ganin mutum ko ɗaya, kamar dai yadda ba a ganin fuskarsa da almuru. Ba a ganin manomin da ke bin sawun ruwa idan ya janye yana shuka masara da wake a danshin da ya bari. Ba a ganin Buduma da shanunsu na kuri masu iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ko masuntan Hausawa da suka zo daga Kabi da Haɗeja da gura da mamari, ko matan da hayaƙin banda ya rina wa idanu.

Idan baƙo ya samu ya iso Bol ko Bulanguwa da kyamara, shi ma magariba yake jira, ya ɗauki masunci a tsaye cikin kwale-kwale yana jefa birgi, baƙi wuluk, ba suna ba gari. Ni hoton hantsi nake nema, na lokacin da ake sauke tarwaɗa da karfasa ana ciniki, hasken yana dukan fuska kai tsaye har a ga wanda ya ci riba da wanda aka ƙware. Irin wannan hoto ya yi wuya yanzu. Tun bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na 2015, da hukumomin Nijar suka umarci mazauna tsibiran su fice, aka kuma daɗe da hana cinikin kifi a yankin Diffa, yawancin fuskokin mutanen tafkin da suke fitowa a hoto an ɗauke su ne a sansanin gudun hijira, a kan layin karɓar abinci, da tambarin wata ƙungiyar agaji a kusurwar hoton.