Mun Leƙa Gidan Mambayya: Abin da Muka Gani da Abin da Ya Rage Mana



Shekara da shekaru muna zuwa Kano saro kaya. Mu tashi daga tashar Jambutu, mu bi ta Numan da Gombe, mu sauka Kantin Kwari, mu ɗaure dila mu juyo Jimeta. Kanon da muka sani ke nan, daga kasuwa sai masauki. A tafiyar da muka yi bayan ƙaramar Sallah kaya suka yi jinkiri, muka samu yini guda babu aiki. Sai wani abokin cinikinmu ya ce, "Malam Liman, maimakon zaman hira, ku zo in kai ku Gwammaja ku ga gidan Malam." Haka aka yi muka je Gidan Mambayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa.

Ga yaranmu da ba su san shi ba sai a sunan filin jirgi da asibiti: an haifi Malam a 1920, ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi da Maru, ya ajiye aikin gwamnati ya shiga siyasa, ya jagoranci jam'iyyar NEPU har aka karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, daga baya ya jagoranci PRP a Jamhuriya ta Biyu. Da shi aka zauna tarukan tsarin mulki a Landan. Kuma mai tafsirin Alƙur'ani ne, ɗan gidan malamai. Yau gidansa yana hannun Jami'ar Bayero, an mai da harabar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, kabarinsa ma yana ciki.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne ƙanƙantar gidan. Wallahi akwai 'yan kasuwa a layinmu da gidajensu suka fi shi. Mutum ne da ya riƙe kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, amma ka ga inda yake kwana, ka ga littattafansa, sai jikinka ya yi sanyi. Mun sha yin wa'azi a kan gudun duniya, ba mu taɓa yin wanda ya kai wannan ɗakin shiga zuciya ba. Waɗanda suka bar gidan yadda yake, ba su rushe shi sun gina wani mai ƙyalli a gurbinsa ba, sun yi tunani, Allah Ya saka musu. Gani ya kori ji.

To amma tun da sharhi muka zo yi, sai mu faɗi inda irin wannan gida yake da iyaka. Gidan mutum ɗaya labarin mutum ɗaya yake bayarwa, mai ziyara sai ya fito yana zaton Malam shi kaɗai ya yi aikin. Alhali ranar da aka kafa NEPU a Kano, 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas ne suka zauna, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, shi Malam a lokacin bai bar aikin koyarwa ba tukuna. Mun ji daɗi da muka ga babban ɗakin taron cibiyar yana ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. Sai dai akwai teloli da mahauta da 'yan koli da suka sha bulala da ɗauri a hannun 'yan dokan En'e saboda kalmar "Sawaba", akwai mata irin su Hajiya Gambo Sawaba da aka ɗaure sau da dama. Mafi yawansu babu gidan tarihin da zai iya ɗaukar sunayensu. Waɗannan sai garuruwansu sun tuna da su.

Abu na biyu laifinmu ne mu masu ziyara. Duk shekara ana taron tunawa da Malam, manyan 'yan siyasa su zo da jerin motoci, a yabi talaucinsa, a watse, kowa ya koma halinsa. Mu ma kada mu cire kanmu. Wanda ya yaba wa Malam da safe ya tauye mudu da yamma, me ziyarar ta amfana masa?

Mun san wasu za su tambaya, shin zuwa irin wannan wuri ya halatta? Wani daga cikin abokan tafiyarmu ma sai da ya tsaya a ƙofa yana jan ƙafa. Abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne ziyarar kabari an yarda da ita don tuna lahira da yi wa mamaci addu'a, kuma duba abin da na gaba suka bari don ɗaukar darasi abu ne da addini ya kwaɗaitar. Abin gudu shi ne roƙon mamaci ko shafar kayansa don neman biyan buƙata. Mu dai mun yi masa addu'a, mun kalla, mun fito.

Tun a mota muna dawowa tunanin gida ya dame mu. Adamawa ba 'yar kallo ba ce a zancen mulkin kai. Alhaji Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaron Najeriya bayan samun 'yanci, wanda ya rasu a 1965, ɗan ƙasar nan ne. Kullum muna wucewa ta Filin Ribaɗu, amma tambayi matasa goma waye shi ka ji amsa. A watan Fabrairun 1961 mutanen Mubi da Ganye da maƙwabtansu suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama a Najeriya maimakon Kamaru, aka kira yankin Lardin Sardauna. Iyayenmu a nan Jimeta sun ga duk wannan da idonsu. Wasu 'yan NPC ne masu fartanya, wasu 'yan NEPU masu tauraro, har akwai gidajen da aka daina gaisawa saboda haka. Duka namu ne, tarihinsu bai kamata ya bi su kabari ba.

Ga abin da yake sa mu kunya. Mu ake kira rabon gado a unguwar nan. Sau nawa aka fito da akwatin tsoho, aka ƙirga tufafi da kuɗi, takardu kuwa, wasiƙun ajami da katin jam'iyya da tsofaffin hotuna, aka ce ba su da daraja, aka bar wa gara, ko yara suka naɗe ƙosai da su? Sau nawa aka rushe zauren da aka yi tarukan siyasa a cikinsa aka yanka shaguna? Muna zaune aka yi, ba mu ce uffan ba. Allah Ya yafe mana.

Ba ma buƙatar jami'a kafin mu fara. Wanda ya shekara 20 a 1960 yau ya haura 80, kuma 'yan kaɗan suka rage. Shawararmu ga kwamitin unguwa: manyan ɗaliban Islamiyya su bi dattawan nan, maza da mata, da waya su naɗi labarinsu. Duk gidan da ke da tsohuwar takarda ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa. A rabon gado kuma a riƙa neman yardar magada a ware irin waɗannan takardu a matsayin waƙafi. Mu mun ɗauki alkawarin ba da kabad ɗaya mai makulli a ɗakin karatun masallaci.

Wanda ya je Kano kuma, ya rage awa biyu daga cikin cinikinsa ya leƙa Gwammaja, in da hali ya tafi da ɗansa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya kyautata namu zuwan. Wassalam.